Yadda Ake Gyara Gona Don Tsuntsaye Su Zauna Ba Tare da An Yi Asarar Amfani Ba

Wani manomi daga gefen fadamar Haɗejiya ya aiko da tambaya. Gonarsa ta kai hekta 4, gero da dawa da wake a tudu, shinkafa a kwari. Yana da sha'awar kallon tsuntsaye, yana son su yawaita a gonar har wata rana ya riƙa karɓar baƙi masu irin wannan sha'awa, amma yana tsoron kada ya jawo wa kansa jan baki, tsuntsun nan mai cinye hatsi. Me zai gyara a gonar, me zai saya, kuma yaushe ake kallon?

Malam, wurin da gonarka take ya riga ya yi maka rabin aikin. Dausayin Haɗejiya da Nguru na cikin manyan masaukan tsuntsaye a Afirka ta Yamma, an ga iri fiye da 300 a cikinsa. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa a jerin dausayoyin Ramsar, yarjejeniyar duniya ta kare dausayi, a shekarar 2000, daga baya Dagona da Baturiya suka bi. Tsuntsayen suna ratsawa ta saman gonarka ko ka yi wani abu ko ba ka yi ba. Abin da ya rage shi ne su sami dalilin sauka, kuma babban dalilin shi ne irin itacen da ke tsaye a gonar.

Mutane da yawa suna ɗauka kowace bishiya mai inuwa tana tara tsuntsu. Ba haka abin yake ba. Masu bincike daga ƙasar Holan da suka bi yankin Sahel daga Senegal har Habasha suna ƙirga tsuntsaye bishiya bayan bishiya sun tarar cewa masu cin ƙwari, musamman baƙin da ke zuwa daga Turai, sun taru ne a kan 'yan itatuwa kaɗan, galibi masu ƙaya: gawo, aduwa, kandili da danginsu. Darbejiya da turare kuwa, duk yawan ganyensu, kusan fayau suke. Ganyen darbejiya na da ɗaci da sinadarin da ke korar ƙwari, inda babu tsutsa kuma ƙaramin tsuntsu ba ya ɓata lokacinsa. Itace mai ƙaya ya dogara da ƙayarsa wajen kare kai, ganyensa na ciyuwa, sai ƙwari su yawaita a kansa.

Gawo ne kan gaba, kuma shi ne manomi ba ya asara da shi. Yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa. Ganyen da ya zuba taki ne, shi ya sa geron ƙarƙashinsa ya fi kyau. Yana sake toho da fure bayan ɗaukewar ruwa, daidai lokacin da baƙin tsuntsaye ke sauka a gajiye bayan sun ƙetare Sahara. Idan akwai gawo a gonarka, ko ɗaya ne, kada gatari ya taɓa gindinsa. Idan babu, kada ka yi gaggawar sayen dashe. Gawo yana da doguwar saiwa mai nutsewa tsaye, in ya wuce wata 3 a leda sai ta naɗe, dashen ya tsumbure. Ya fi sauƙi ka bi gonar farkon damina ka nemi waɗanda suka tsiro da kansu daga kashin shanu da awaki, domin irin da ya ratsa cikin dabba ya fi saurin fitowa. Ka kafa wa kowanne turke don kada garma ta tafi da shi, da rani kuma ka kewaye shi da ƙaya har ya fi ƙarfin akuya.

Haka za ka yi da kututturan da ake sarewa duk shekara lokacin sharar gona: kalgo, sabara, magarya, aduwa, kurna. Saiwarsu na nan da rai, ta riga ta kai ga danshi. A kan kowane kututture ka zaɓi toho 3 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran, ka rage rassan gefe har zuwa rabin tsawon sandar, da wuƙa mai kaifi, sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Duk shekara ka cire ɗaya ka yi makamashi da shi har mafi kyawun ya rage. Wannan ne sassaben zamani da manoman Maraɗi suka fara wajen 1984, wanda ya mayar da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Kimanin itace 40 a hekta ba ya hana noma idan ana rage rassa. Ka haɗa da masu 'ya'ya ko da biyu ne, ɓaure ko ceɗiya ko kanya a kusurwar gona. Ranar da ɓaure ya nuna za ka ga cilakowa, tsirya da shaya a kai tun da sassafe. Kauci ma kada ka kankare shi gaba ɗaya, furensa ne abincin sha-kauci. Busasshen itacen da ba ya barazanar faɗo wa kowa, bar shi a tsaye: maƙoƙofa za ta huda shi, wasu su gaji ramin, shaho kuma ya sami wurin tsayawa yana duban ɓeraye.

Makiyaya za su shigo bayan girbi, kuma zuwansu alheri ne: shanu na barin taki, balbela da carki na bin su. Matsalar ita ce datse rassan gawo kakaf don dabbobi. Gawon da aka yi wa aski ba ya fure ba ya 'ya'ya a shekarar, wani lokaci har ta gaba. Ku yi magana tun kafin su sauka, a amince kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na rassan kowace bishiya, kuma kada a taɓa ta shekara biyu a jere.

A ƙasa kuma, ka bar zirin ciyawa mai faɗin mita 2 zuwa 3 a iyakar gona, gamba ta fi dacewa, tunda tana riƙe ƙasa kuma za ka sami ta zana. A nan fakara da zabin daji ke ƙwai da damina, a nan mulufi da zalaidu ke wasa in sun yi ado. Kada a yanke kafin ƙarshen Oktoba, in an tashi yanka kuma a bar kashi ɗaya cikin uku a tsaye, a riƙa juyawa kowace shekara. Wuta ce babbar mai ɓarna. Ƙunar ƙarshen rani tana cinye ciyawa da 'yan itatuwan da ka sha wahalar renonsu a yini guda, don haka ka share layin wuta mai faɗin mita 3 a bayan zirin tun cikin Nuwamba. Ciyawa na ɓoye maciji, mai shiga wurin ya sa takalmi rufaffe.

Ruwa sai daga Fabrairu zuwa Mayu yake zama abin nema a tudu. Ka binne babban kasko ko ka yi ɗan kwano na siminti mai faɗin mita ɗaya, zurfin tsakiya kada ya wuce santimita 8, gefe ya gangaro a hankali har zuwa santimita 2, ka jefa 'yan duwatsu a ciki. Kwano mai zurfi da santsin baki nutsar da ƙananan tsuntsaye yake yi. A ajiye shi a inuwa, mita 2 zuwa 3 daga wani kurmi: kusa yadda za su tsere wa shaho, da ɗan nisa yadda kyanwa ba za ta yi musu kwanto ba. A zubar a wanke duk kwana 2 ko 3, domin sauro kan kammala girma a cikin mako guda zuwa kwana 10. A fadama, bayan yankan shinkafa, idan da hali ka bar wani kwari da ruwa iya idon sawu da taɓo a gefe. Masu dogayen ƙafafu, har da garken wanda littattafai ke kira ruff, wanda ke tsintar shinkafar da ta zube, nan suke so. Kajinka da agwaginka na gida kuwa kada su sha ruwa ɗaya da na daji. Murar tsuntsaye ta H5N1 ta fara bayyana a Afirka ne a Jihar Kaduna a 2006, kuma ba ta daina dawowa ba. Tsuntsun da ka tsinta a mace ba tare da rauni ba, kada ka ɗauka da hannu. In sun yi yawa ka sanar da ma'aikatan dabbobi.

Duk wannan aikin feshi ɗaya na ganganci zai iya rushe shi. Ba a ce kada ka kare wakenka ba. A duba gona tukuna, a yi feshi in ɓarnar ta kai, a kan wurin da ƙwarin suke kawai, da yamma bayan iska ta kwanta, kuma a bar tazarar aƙalla mita 10 daga ruwa da zirin ciyawa. Irin shuka da aka cuɗa da magani a rufe shi da ƙasa sosai, wanda ya zube a bakin gona a kwashe, kurciya da hasbiya suna tsince shi su mutu. Maganin carbofuran mai kamar tsaba, wanda aka fi sani da Furadan, ƙwaya kaɗan ke kashe tsuntsu, kuma duk abin da ya ci gawar zai bi shi. Kada ya shigo gonar. Idan kana da dabbobi, ka roƙi likitansu ya guji allurar diclofenac. Ita ce ta kusa ƙarar da ungulayen Indiya daga shekarun 1990 har aka hana amfani da ita ga dabbobi a can a 2006. Meloxicam na yin aikin ba tare da wannan illa ba.

Yanzu batun jan baki, wanda shi ne ainihin damuwarka, kuma damuwa ce ta gaskiya. Abin da ya kamata ka sani shi ne gawo da aduwa warwatse a gona ba su ne ke kawo shi ba. Jan baki yana kwana ne dubbai a cikin kacalla da kurmin ƙaya mai cunkoso kusa da ruwa, ya tashi da asuba ya yi tafiyar kilomitoci neman abinci. Kacallar da ta toshe hanyoyin ruwan yankinku bayan gina madatsun Tiga da Challawa ita ce babban masaukinsa. Don haka kada ka bari kacalla ta kafu a kwarinka. A yanke ta ƙasa da saman ruwa yadda kututturen zai nutse ya ruɓe, in an yanke a sama sake tohowa take yi. Ainihin abincinsa kuma ƙwayar ciyawar daji ce, shi ya sa shinkafar da ciyawa ta cinye ta fi jan hankalinsa: ciyawar ke kiransa, in ya zo ya haɗa da shinkafar. Noma mai tsabta a cikin fili, ciyawa a iyakar tudu nesa da shinkafa.

Ɓarnar tana faruwa ne a cikin makonni 3 zuwa 4, daga lokacin da ƙwaya ke nono har ta yi tauri. Gonar da ta riga kowa nuna, ko ta yi saura bayan kowa ya girbe, ita ke ɗaukar garken duka. Ku daidaita shuka da maƙwabta a cikin mako ɗaya ko biyu, ɓarnar ta rarrabu. Kora ta fi amfani daga fitowar rana zuwa hantsi, sannan daga la'asar zuwa magariba. Da tsakar rana suna inuwa. Igiya da gwangwani da ƙyalle suna aiki idan akwai mai jan igiyar kuma ana sauya musu wuri duk kwana biyu, in an bar su wuri ɗaya tsuntsu kan saba har ya sauka a kai. Gero mai gashi ya fi wuyar ci gare su. Da zarar amfani ya ƙosa a girbe, kada a bar dami a fili. Feshin fenthion da ake yi wa makwancinsu yana kashe shaho, mujiya, zalɓe da duk wanda ya ci gawar, wanda aka tsinto bayan feshi kuma bai halatta a kai kasuwa ko tukunya ba. Marai ma yana taɓa hatsi. In ya kafa sheƙa a bishiyar da ke tsakiyar shinkafa, a rage rassan da rani kafin ya fara saƙa, kada a jira sai da 'ya'ya a ciki.

A gefe guda kana da ma'aikatan da ba ka biya. Shamuwa da balbela suna cin fara, haka cilakowa. Mujiya mai farar fuska, wadda ake jifa saboda camfi, ita da 'ya'yanta suna cinye dubban ɓeraye a shekara. Manoma a Isra'ila da Jodan, da masu gonakin kwakwar manja a Malesiya, akwatuna suke kafa mata don wannan. Akwatin katako ne mai faɗin santimita 45 kowane gefe, tsawo 60, ƙofa mai faɗin santimita 13 a can sama, nisan santimita 45 daga ƙasan akwatin don kada 'ya'ya su faɗo kafin su yi fiffike. A huda ƙananan ramuka na iska a ƙarƙashin rufi da na tsiyayar ruwa a ƙasa, a zuba ɗan garin katako, a ɗaure shi mita 3 zuwa 4 a cikin inuwar tsamiya ko wata mai ganye duk shekara. Akwatin da rana ke duka a watan Afrilu tanda ne. Sharaɗinsa ɗaya: ba a haɗa shi da gubar ɓera, domin ɓeran da ya ci guba shi ya fi sauƙin kamu.

Kayan kallo ba su da yawa. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar: 8 ɗin yana nufin ya kusanto da abu sau takwas, 42 faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ke tara haske da asuba. Ka guji masu lamba 20 ko sama da haka da ake tallatawa da araha, hannu na rawa da su, filin da suke nunawa kuma ƙunci ne, kafin ka samo tsuntsun ya tashi. Kafin ka biya, ka dubi wayar lantarki daga nesa. In ta rabu biyu ko kanka ya fara sarawa, madubin ya goce. Ka saita shi sau ɗaya: rufe gilashin dama, juya dunƙulen tsakiya har hagu ya fito sarai, sannan rufe hagu ka juya zoben da ke kan idon dama. Wajen kallo, kafe idonka a kan tsuntsun ka ɗago madubin zuwa ido, kada ka sunkuya neman madubi. Ƙurar hunturu yashi ce, goge ta da bakin riga yana karce gilashi. A hure tukuna, sannan a shafa da tattausan ƙyalle. Littafin Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey shi ne madogarar masu wannan harka a yankinmu, manhajar Merlin ta gane tsuntsaye kuma tana taimakawa a waya.

Sa'o'i uku na farko bayan fitowar rana su ne mafi albarka, sai sa'a biyu kafin faɗuwarta. Rana ta kasance a bayanka: da safe ka tsaya gabas da wurin kana duban yamma. Tufafi masu launin ƙasa, tafiya a hankali, babu nuni da hannu. In ka ga wanda ba ka sani ba, kada ka fara da launi, hazo da inuwa suna sauya shi. Fara da girma, ya kai gwara ko kurciya ko hankaka. Sai siffar baki, gajere mai kauri na mai cin ƙwaya ne, siriri na mai cin ƙwari. Sai tsawon wutsiya da ƙafa, da abin da yake yi, a ƙasa yake tafiya ko a cikin ganye yake tsalle. Rubuta kafin ka buɗe littafi, domin hoto na sa ido ya ga abin da babu.

Kowane lokaci da baƙinsa. Shamuwa na isowa gab da damina ta koma kudu bayan kaka. Yuli zuwa Satumba ne mazan mulufi da zalaidu ke cikin ado. Da rani sukan koma ruwan ƙasa har ka rantse wasu ne daban. Daga Satumba zuwa Oktoba baƙin Turai ke sauka, Disamba zuwa Fabrairu kuma ruwa ya ja baya, agwagin ƙetare sun haɗu da kirinjijiya da dinya a sauran tafkuna, lokacin ne ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a watan Janairu. A Maris da Afrilu ƙananan baƙin suna cin abinci ba ji ba gani, wasu har su kusa ninka nauyinsu kafin su fuskanci hamada. Abin da suka samu a gonaki irin taka shi ke kai su gida: bayan farin Sahel na 1968, ɗan tsuntsun nan mai farin maƙogwaro da ake kira whitethroat ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a Birtaniya a shekara guda.

Ka fara rubutu tun kafin ka gyara komai, in ba haka ba ba za ka san ko gyaran ya yi amfani ba. Zaɓi wurare 4 a gonar, tazarar kimanin mita 150 zuwa 200 tsakaninsu, ɗaya a fadama, ɗaya gindin gawo, ɗaya a zirin ciyawa, ɗaya a fili. Sau ɗaya a wata, a lokaci ɗaya na safe, ka tsaya minti 10 a kowanne ka rubuta duk abin da ka gani ko ka ji, da kwanan wata da yanayin sama. Babban garke ana ƙirga goma ko hamsin na gefe, sannan a auna sauran da wannan ma'auni. Bayanan suna da masu buƙata. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos tana jagorantar shirin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, inda aka raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye 9 a kwance, mai sa kai ya yi aƙalla sa'a 2 a ciki ya tura jerinsa ta manhajar BirdLasser. Ta nan ne kuma za ka haɗu da waɗanda za su zama baƙinka na farko.

Kada ka ci bashi ka gina masauki da tsammanin Turawa. Waɗanda za su zo ɗalibai ne, malaman jami'a, ƙungiyoyin makarantu da masu ɗaukar hoto, kuma a hankali za su zo. Rumfar zana ta ishe su: mita 3 a mita 2, benci a ciki, tsaga mai faɗin tafin hannu a tsayin idon mai zaune, mita 10 zuwa 15 daga ruwa, hanyar shiga ta baya a kare ta da zana don kada tsuntsu ya ga motsi. Mutum 5 ko 6 a lokaci guda. Kafin baƙo na farko ya iso, ka sanar da mai unguwa da jami'an tsaron yankin, domin baƙuwar fuska da madubi da kyamara a bakin daji tana jawo zargi a wannan zamani. Kada kowa ya shiga ruwan fadama ba takalmin roba, akwai tsargiya. Ba a matsa wa sheƙa, ba a kunna kukan tsuntsu a waya lokacin ƙwai. Yaran da ke yawo da danƙo sun fi kowa sanin inda kowane tsuntsu yake kwana. Ka ba su madubi su leƙa, wanda ya nuna ƙwazo ya zama ɗan rakiya a riƙa sallamarsa.

Idan Allah ya sa gauraka ta sauka a kwarinka, ko ungulu ta yi sheƙa a kukarka, ka rubuta a littafinka ka sanar da masu binciken cibiyar Jos kai tsaye, amma kada ka sa hoton da sunan wurin a Facebook ko WhatsApp. Gauraka ta kusa ɓacewa a Najeriya saboda kamu da lalacewar fadamu, ungulun da muka saba gani a mahauta kuma tun 2015 tana jerin waɗanda ke gab da ƙarewa a duniya, kuma har yanzu akwai masu sayen kanta da ƙwanta a kasuwa.